Kanwa da Danginta: Mu San Dutse Kafin Mu Ɗauke Shi

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyar raya garinmu)

 



Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa mu yi magana a kan albarkatun ƙasa, mun san abin da yawancin jama'a za su so su ji, wato inda zinariya take da yadda ake sayar da ita. Dalili kuwa a fili yake, domin babu unguwar da ba ta da yaro ko biyu da suka tafi wuraren haƙar ma'adinai, wasu Zamfara, wasu Neja, wasu Nasarawa, kuma sukan dawo da duwatsu a aljihu da cikin buhu. To amma mun zaɓi mu faro daga madafa, saboda a kowane gida na garin nan akwai ma'adini guda da ke ajiye a ƙoƙo ko ƙulle a tsumma, wanda sabo ya hana mu ɗauke shi a matsayin ma'adini. Wannan kuwa ita ce kanwa.

Za mu duba abubuwa huɗu. Na farko, mece ce kanwa, kuma daga ina take zuwa. Na biyu, wani ɗan'uwanta da ba a cika samu ba a duniya, amma akwai shi a maƙwabtanmu. Na uku, yadda ake gane 'yan wannan gida da yadda ake tattara su a adana. Na huɗu, wani ɗan gidan da ya kashe yara a ƙasar Hausa, da abin da ya kamata ƙungiyarmu ta yi don kada irinsa ya same mu.

Mece Ce Kanwa?

Idan rigima ta lafa, Bahaushe yakan ce kanwa ta kar tsami. Wannan magana darasin kimiyya ce cikakkiya. Duk macen da ta taɓa zuba ruwan kanwa a cikin ruwan tsamiya ta ga yadda kumfa ke tashi, tsamin kuma ya mutu. Masana ilmin sinadarai suna kiran duwatsun da ke yin wannan hali da sunan kabonet. Idan abu mai tsami ya taɓa su, sai su saki wata iska, wato kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kumfar da ake gani. Gidan kabonet babba ne. A cikinsa akwai dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Jamhuriyar Nijar. Ɓawon ƙwai da kwanson katantanwa ma da sinadarin wannan gida aka gina su.

Kanwa dai kabonet ce ta sodiyam, gauraye da gishiri da yashi da laka gwargwadon wurin da aka haƙo ta. Babban abin da ke cikinta shi ne ma'adinin da masana ke kira tirona. A nan akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara, musamman mu 'yan boko. An saba fassara kanwa da sunan fotash, alhali fotash na gaskiya sinadarin fotasiyam ne, irin wanda ake samu a toka. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce ta wajen sodiyam. Sanin wannan yana da amfani ga lafiya, domin a shekarun 1970 likitocin da suka yi bincike a Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Saboda haka mai hawan jini da mai jego su yi sassauci da ita, kamar yadda ake ce musu su rage gishiri.

Kakanninmu sun san ire-irenta tun kafin zuwan Turawa. Akwai ungurnu mai tauri da ake fasowa falle-falle, akwai jar kanwa da farar kanwa, akwai gari da ake ba dabbobi, akwai kuma gwangwarasa da majema ke nema. Ana sa ta a ɗanwake da miyar yauƙi da dafuwar wake da garin taba, ana ba dawaki da shanu. Ana samun ta a ƙasar Manga da Muniyo, wato yankin Gure da Maine-Sorowa a Nijar, da arewacin Jihar Yobe, da Dallol Boso a yammacin Nijar, da kuma Kanem a arewa maso gabashin Tabkin Chadi. Fataken goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da ita suke tafiya har Gwanja su dawo da goro. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, sai safararta ta ƙara sauƙi zuwa Kano da kudancin ƙasar nan.

Yadda take samuwa abin lura ne. Kogin Shari da Logon su ne ke kawo wa Tabkin Chadi mafi yawan ruwansa, kuma babu kogin da ke fita daga tabkin zuwa teku. Duk da haka ruwansa na sha ne, ba na gishiri ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin rairayi zuwa kwaruruwan da ke tsakanin tuddan yashi. A can rana ke shanye ruwan, sinadaran da ya ɗauko kuma su daskare a cikin laka da samanta. Haka abin yake a Wadi Natrun na Masar, inda mutanen zamanin Fir'auna suke ɗibar ta suna busar da gawawwakin manyansu, da Tabkin Magadi na Kenya, inda aka kafa kamfanin haƙar ta tun 1911. A jihar Wayomin ta Amurka kuwa, wadda ta fi ko'ina yawan tirona a duniya, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo ta a sarrafa ta don yin gilashi da sabulun wanki. Abin da muke saye a ƙoƙo, a wata ƙasa shi ne jarin masana'antu.

Ɗan'uwan da ba a Cika Gani ba

A cikin lakar da kanwa ke fitowa, wani lokaci akan sami wasu 'yan ƙwayoyi masu kusurwoyi, masu tsini kamar bakin gatari ko ƙusa, wasu garau kamar gilashi, wasu fari-fari ko rawaya-rawaya. Sunan wannan ma'adini gelusayit. Kabonet ne na sodiyam da kalsiyam, tare da ruwa a cikin gininsa. Wani masani Bafaranshe mai suna Busengo ne ya fara bayyana shi a 1826, daga wani wuri da ake kira Lagunilas a ƙasar Benezuwela, ya kuma raɗa masa sunan wani babban masanin sinadarai na Faransa, Ge-Lusak. A wurare ƙalilan ake samun sa a duniya, yawanci a tabkuna masu kanwa na ƙasashe masu fari. A 1968 wani mai bincike Bafaranshe, Magliyon, ya ba da rahoton samun sa tare da tirona a mahaƙar kanwa ta Kanem. A wannan yanki ne kuma aka gano wani sabon ma'adini a 1972, wanda duniya ba ta san da shi ba kafin nan, aka sa masa suna kanemayit, don tunawa da ƙasar Kanem, ko da yake shi ba ɗan gidan kabonet ba ne.

Jama'a, mu dubi wannan da kyau. Ɗaruruwan shekaru mutanenmu suna shiga wannan laka suna fasa kanwa, suna watsar da abin da ba za a saya a kasuwa ba. Baƙo ya zo daga nesa da littafin rubutu da kwalba, ya tsince abin da aka watsar, sunansa ya shiga tarihi. Bai fi su ido ba, bai fi su sanin wurin ba. Abin da ya fi su shi ne ya rubuta inda ya samu, ya adana, ya kai inda za a auna. Haka aka yi a Tanzaniya, inda dutsen Oldonyo Lengai ke aman wata narkakkiyar kanwa da ke fitowa baƙa, ta koma fara cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin ma'adinan da aka gano a cikinta an raɗa masa sunan Shugaba Julius Nyerere, wanda shi ma malamin makaranta ne.

Mu ma an taɓa yi mana irin wannan asara, kuma laifinmu ne. A farkon aikinmu na koyarwa, bisa abin da aka hore mu da shi a kwalejin horon malamai, mun keɓe wani lungu a aji inda yara ke kawo tsaba da gashin tsuntsu da duwatsu. Wani yaro ɗan mai sayar da kanwa ya kawo mana wata ƙwaya garau da ya tsinta a lakar da ke manne da ungurnu. Muka yaba, muka ɗora ta a bakin taga don kowa ya gani. Ba mu tambaye shi daga wace kasuwa aka kawo kayan ba, ba mu rubuta komai ba. Kafin hunturu ya fita ta dushe, ta yi fari, ta fara marmashewa, daga baya aka share ta da shara. Sai bayan shekaru muka karanta cewa haka wasu 'yan gidan kanwa suke, busasshiyar iska tana zuƙe ruwan da ke jikinsu, shi kuma gelusayit in an jiƙa shi a ruwa a hankali yake lalacewa ya bar farin gari. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda Ake Gane Su

Ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ake fara wannan aiki ba. Akwai matakai biyar da kowane malamin firamare zai iya koya wa ɗalibansa.

Na farko shi ne wurin da aka samu. Ɗan gidan kanwa a busasshiyar tabki ko fadama mai farin ɓawo ake samun sa, ba a kan dutse mai ƙarfi ba. Wanda aka ciro daga ramin zinariya ko na dalma kuwa dabam ne, kuma da shi ake yin taka-tsantsan.

Na biyu shi ne kama. A duba launi, da siffa, da irin ƙyallinsa, da ko haske na ratsa shi. Launi kan ba da haske ƙwarai: kabonet na jan ƙarfe kore ne shar ko shuɗi, na ƙarfe kuma ƙasa-ƙasa. Amma launi kaɗai yakan yaudari mutum, saboda fararen duwatsu suna da yawa.

Na uku shi ne tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u yake a 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, bakin wuƙa kuma wajen 5.5. Tirona da gelusayit suna tsakanin 2.5 da 3, dutsen siminti yana 3, shi kuwa farin dutsen ƙanƙara da yara ke ƙyasta wuta da shi yana 7. Ke nan in wuƙa ta kasa yi wa dutse zane, to da wuya ya zama ɗan wannan gida.

Na huɗu shi ne nauyi. A ɗauki dutsen a hannu ɗaya, a ɗauki dutse na yau da kullum mai girmansa a ɗaya hannun. Gelusayit ya ninka nauyin ruwa mai yawansa sau 2 ne kawai, dutse na yau da kullum kuwa wajen sau 2.7, don haka za a ji shi sakayau.

Na biyar shi ne gwajin tsami. A kankaro ɗan gari kaɗan daga gefe, a ɗiga ruwan lemon tsami, a duba ko ƙananan kumfa za su tashi. Malami ya fara nuna wa yara da kanwa da ɓawon ƙwai, sa'an nan ya gwada da yashi su ga bambanci. Kada a yi mamaki in allin rubutu bai yi kumfa ba, domin yawancin na yanzu da wani ma'adini dabam ake yin sa. Muna kuma gargaɗi da babbar murya, kada a yi wannan gwaji da ruwan batir, kada kuma a ɗanɗana dutsen da ba a sani ba.

Waɗannan matakai suna nuna gidan da dutse ya fito ne kurum. Tabbatar da ainihin sunansa aikin masana ne masu na'ura. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, wadda asalinta ke komawa 1919, tana da babban ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, akwai kuma sashen ilmin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da wasu jami'o'inmu. Matambayi ba ya ɓata.

Yadda Ake Tattarawa da Adanawa

Dutsen da ba a san inda ya fito ba tamkar wasiƙa ce ba adireshi. Kafin a taɓa shi, a rubuta sunan wurin, da kwanan wata, da zurfin da aka same shi, da irin ƙasar da ke kewaye da shi, da sunan wanda ya samo. Tun da yanzu kowa na da wayar hannu, a ɗauki hotonsa yana nan a mazauninsa, da tsabar kuɗi a gefe don a gane girmansa. A ciro shi tare da ɗan abin da yake manne da shi. Ɗan gidan kanwa ba a wanke shi da ruwa, da busasshen buroshi mai laushi ake share shi, a naɗe shi da takarda, a sa a kwalba mai murfi a rufe ruf, a ajiye a inuwa. A ba kowanne lamba, a rubuta ta a jikin kwalba da cikin rajista. A ɗauki kaɗan a bar saura, a kuma nemi izinin mai gona da mai unguwa.

Akwai kuma doka. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa mallakar ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 kuma ta wajabta lasisi ga mai nema ko haƙa. Tsintar ɗan samfuri don koyarwa dabam, buɗe rami don kasuwanci dabam. Game da yankin Tabkin Chadi kuwa, tun daga rikicin da ya ɓarke a 2009 tafiya can ta zama haɗari, ba mu ba kowa shawarar zuwa neman dutse ba. Kasuwar kanwa ta garinmu ta isa wurin farawa.

Ɗan Gidan da ke Kisa

Ranka ya daɗe, a nan ne maganar ta fi nauyi. A gidan kabonet akwai wani mai suna serusayit, wato kabonet na dalma. Fari ne ko toka-toka, mai ƙyalli, ga laushi kamar 'yan'uwansa, amma ya ninka nauyin ruwa kusan sau 6.5, wato ya fi dutse na yau da kullum nauyi fiye da ninki biyu. Ba ya yin kumfa sosai da lemon tsami, don haka nauyinsa ne babbar alamarsa. Yana samuwa ne idan ruwa da iska suka daɗe suna cin dutsen dalma, wato irin baƙin dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Masu neman zinariya ne suke kawo duwatsu cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Masana duwatsu na Amurka da suka auna ƙasar sun gano cewa dalmar da ke ciki da yawanta ta riga ta rikiɗe ta zama kabonet. Mun faɗa tun farko cewa tsami yana narkar da kabonet, cikin ɗan Adam kuwa akwai ruwa mai tsami da ke narkar da abinci. Da yaro ya haɗiyi ƙurar, sai ta narke ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsira ma yakan tashi da raunin fahimta. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, neman halal suka fita, ba su san abin da suka ɗauko ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shawarwari

1. Ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti na malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya da wakilin matasan da ke zuwa haƙa, ya riƙa ba da rahoto a kowane taron shekara.

2. A samar da kabad mai makulli a babbar makarantar firamare, da kwalabe da rajista, a fara da ire-iren kanwar da ke kasuwarmu, kowace da sunanta na Hausa da inda aka kawo ta. Dattawanmu masu wannan sana'a su zo su faɗa wa yara sunayen tun suna raye.

3. 'Ya'yan garin nan da suka karanta ilmin duwatsu ko sinadarai su ba da rana guda a lokacin hutu don horar da malamanmu.

4. Mai girma Hakimi da masu unguwanni su hana daka ko niƙa dutsen ma'adini a cikin gida ko a injin hatsi. Mai dawowa daga wurin haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro.

5. Limamai su tunatar da jama'a a huɗuba, iyayenmu mata kuma su daina sa wa jarirai kwallin dutse, tun da shi ma dalma ce. Duk yaron da iyayensa ke wannan sana'a, in ya fara suma ko jijjiga, a gaya wa likita sana'ar gidan.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, ba mu zo hana kowa neman arziki ba. Allah Ya shimfiɗa albarkatu a ƙarƙashin ƙasarmu, kuma yaranmu suna da haƙƙin amfana da su. Abin da muke roƙo shi ne ilmi ya riga hannu isa ga dutse, domin gida ɗaya ne ya haifi abin da ke gyara miya da abin da ke kashe yaro, kuma rigakafi ya fi magani. Idan a taron baɗi muka tarar da kabad ɗin nan da kwalabe ko da goma ne, kowace da lambarta, kuma babu gidan da ake daka dutse, to wannan zama ya yi amfani.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Hakimi, Ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, Ya shirya mana zuriyya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.